Tambaya kan wasan Go: yaushe dutse yake mutuwa, kuma yaya ake gane wanda ya yi nasara?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman taimakon duk wanda Allah ya ba sanin wasan nan na ƙasar Sin da ake kira Go. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma wani Basine da muka daɗe muna hulɗar atamfa da shi ne ya bar mini allon wasan kyauta a lokacin da zai koma gida. Allon na katako ne, an zana masa layuka 19 a tsaye da 19 a kwance, ya zo da akushi biyu na ƙananan duwatsu masu santsi, ɗaya na baƙaƙe, ɗaya na farare. A tsaitsaye ya yi mini bayani ranar da muka yi sallama, abin da na riƙe kawai shi ne ana ajiye dutse a inda layi ya haɗu da layi, kuma idan ka kewaye dutsen abokin karawarka ka cinye shi.

Ni da ƙanina mun taso da dara tun muna yara a Fagge, don haka muka ɗauka wannan ma ba zai ba mu wuya ba. Makonni uku ke nan muna zama a ƙofar gida bayan La'asar, amma har yau ba mu taɓa tashi muna da yaƙinin wanda ya yi nasara ba. Shekaranjiya abin ya kai mu ga gardama: na cinye masa dutse ɗaya, ya sa nasa a gurbin ya cinye wanda na ajiye, ni ma na mayar, shi ma ya mayar, muka yi ta haka a wuri guda har aka kira Magariba allon bai sauya ba. Na tabbata akwai dokar da ta hana wannan. Bayan haka ba mu san lokacin da wasa yake ƙarewa ba, sai mu yi ta cika allon har wuri ya ƙare, sannan mu ƙirga duwatsun da kowa ya ci. Kuma allon yana da faɗi ƙwarai, idan na ɗauki dutsen farko ban san inda ya dace in ajiye shi ba. Ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla da Hausa. Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kyautar da aka yi maka ba ƙarama ba ce. Wasan ya haura shekaru 2,500 a ƙasar Sin, inda ake kiransa weici, wato wasan kewayewa. Koriyawa suna ce masa baduk, sunan Go kuma daga Japan ya bazu zuwa sauran duniya, shi ya sa yawancin kalmomin da za ka gani a intanet na Japananci ne. Layuka 19 sau 19 suna ba da mahaɗa 361, kuma cikakken kayan wasa duwatsu 181 ne baƙaƙe da 180 farare. Baƙi ne yake farawa, kowa dutse ɗaya a lokaci guda, kuma dutsen da aka ajiye ba ya motsawa har ƙarshen wasa sai dai idan an cinye shi. A nan ya fara rabuwa da dara, inda ajiye 'ya'ya share fage ne kawai kafin a fara turawa.

Abin da zai warware maka rabin matsalarka kalma ɗaya ce. Sinawa suna kiran mahaɗar da babu kowa a kanta, wadda layi ya haɗa kai tsaye da dutse, da kalmar da ke nufin numfashi, kuma a ganina babu fassarar da ta fi wannan dacewa da Hausa. Dutse ɗaya a tsakiyar allo yana da numfashi huɗu: sama, ƙasa, dama da hagu. A bakin allo yana da uku, a kusurwa biyu. Ba a lissafa karkata, layi kawai ake bi. Idan duwatsu masu launi ɗaya suka jeru a kan layi kafaɗa da kafaɗa, sun zama abu guda, ni ina ce musu garke, numfashinsu ɗaya ne, tare suke rayuwa tare suke mutuwa. Duwatsu biyu da suka haɗu a tsakiyar allo numfashinsu shida ne. Ranar da abokin karawa ya toshe numfashin ƙarshe, sai ya kwashe garken baki ɗaya, ko dutse ɗaya ne ko talatin. Idan saura numfashi ɗaya ya rage, ana cewa garken yana cikin atari. Haka kuma a dokokin Sin da Japan ba a yarda ka ajiye dutse a wurin da ba zai sami numfashi ko ɗaya ba, sai fa idan ajiyewar ce za ta cinye duwatsun abokin karawa, domin cin nasa ake fara yi, gurbin da suka bari ya zama numfashinka.

Abin da ya faru tsakaninka da ƙaninka sunansa "ko" da Japananci, kuma hasashenka daidai ne, akwai doka. Idan ka cinye dutse ɗaya, kuma mayar da martaninsa nan take zai dawo da allon yadda yake kafin ka ci, to ba shi da izinin ramawa a wannan juyin. Dole ya je ya buga wani wuri tukuna. Hikimar ita ce zai nemi wurin da zai tsorata ka, inda idan ba ka amsa ba za ka yi asarar da ta fi dutsen nan ɗaya. Idan ka amsa, ya sami damar dawowa ya ci, kai kuma yanzu dokar ta hau kanka, sai ka nemo taka barazanar. Idan kuwa ka ga barazanarsa ba ta kai ta kawo ba, sai ka cike gurbin, rigimar ta mutu.

Daga dokar numfashi ne batun ido ya fito. Ido mahaɗa ce da garkenka ya kewaye a cikinsa. Garken da ke da ido ɗaya ana iya kashe shi: a toshe shi ta waje duka, sannan a jefa dutse a cikin idon a matsayin numfashin ƙarshe. Amma garken da ke da idanu biyu a rabe ba ya mutuwa har abada, saboda ba a ajiye duwatsu biyu a juyi ɗaya, kuma kowane idon aka nufa ɗayan yana nan yana numfashi, jefawar ta zama haramtacciya. Saboda haka amsar yaushe dutse yake mutuwa ita ce: garken da aka kewaye, wanda ba shi da wurin da zai yi idanu biyu, mushe ne tun yana kan allo, ko da ba a kwashe shi ba tukuna.

Yanzu ga babban kuskurenku, kuma kusan duk wanda ya zo daga dara yana yin sa. Ba yawan ci ne nasara ba, gona ce. Gonarka ita ce mahaɗun da babu kowa a kansu waɗanda duwatsunka rayayyu suka kewaye. Idan ka duba ka ga babu sauran wurin da za ka ƙara gonarka ko ka rage tasa, sai ka ce ka wuce. Idan shi ma ya wuce, wasa ya ƙare. Sai ku kwashe mushen da ke cikin gonar kowa ku haɗa da waɗanda aka ci. A lissafin Japan ana tara gona da duwatsun da ka ci, sannan a ƙara wa Fari maki 6.5 da ake kira komi, ladan haƙurin da ya yi Baƙi ya riga shi farawa. Rabin makin kuma don kada a yi kunnen doki ne. Misali, Baƙi yana da gona 24 ya ci 3, ya tashi da 27. Fari yana da gona 20 ya ci 2, da komi ya zama 28.5. Fari ya yi nasara da maki ɗaya da rabi, duk da cewa Baƙi ya fi shi gona kuma ya fi shi ci.

Tsohon Ɗan Dara ya amsa:

Malam ya gama da dokoki, Allah ya ƙara basira. Ni zan taɓa tambayar inda ake fara ajiye dutse, domin ita ce ta fi daɗewa tana ba ni wahala lokacin da ɗana da ya yi karatu a ƙasar Sin ya koya mini wasan bayan na yi ritaya. Yaro, tunda kai ɗan kasuwa ne, ka yi tunanin mutum uku da aka ba fili iri ɗaya su katange. Na farko filinsa yana kusurwar da katanga biyu suka riga suka haɗu, na biyu yana jikin katanga ɗaya, na uku yana tsakiyar sarari. Bakin allo katanga ce da aka gina maka kyauta. Ka gwada da hannunka yau da dare: gona mai mahaɗa 9, uku sau uku, duwatsu 6 za su killace ta a kusurwa, a gefe sai 9, a tsakiya sai 12. Saboda haka masana suke fara kama kusurwoyi, su bazu zuwa gefuna, tsakiya ta zo daga baya. Ɗigo-ɗigon nan tara da ka gani a allonka alamu ne, kuma huɗun da ke kusa da kusurwoyi, a mahaɗar layi na huɗu da na huɗu idan an ƙirga daga bakin allo, wuri ne mai kyau na dutsen farko.

Kada kuma ka manne da bakin allo. Layi na ɗaya da na biyu ba su killace komai a farkon wasa. Layi na uku shi ne na mai son gona tabbatacciya, na huɗu na mai son ƙarfinsa ya kai tsakiya, kuma gwanaye suna cakuɗa su.

Akwai tarko biyu da ya kamata ka sani tun yanzu. Na farko ni ina ce masa tsani: ka sa garkensa a atari, ya miƙa, ka sake tare shi ta ɗaya gefen, ya sake miƙawa, kuna tafiya a karkace kamar matakala har ku kai bakin allo, a can ya mutu gaba ɗaya. Na taɓa ganin jikana ya bi tsani yana gudu da dutse ɗaya har ya tara goma sha biyar, aka kwashe su a tashi ɗaya, ya zauna yana kallon ramin da suka bari. Da ya haƙura da ɗayan tun farko da bai yi wannan asara ba. Amma kai mai kora ka bi hanyar da ido tukuna, domin idan akwai dutsensa a kan hanyar tsanin zai karye, kuma duwatsunka da ka jera a gefe biyu su ne za su zama abin ci. Na biyu taru ne: maimakon ka manne masa, sai ka ajiye dutse ɗan nesa kaɗan ta inda zai gudu, duk ta inda ya nufa ya tarar an rufe.

Shawarata ta ƙarshe, ku ajiye babban allon nan tukuna. Ku zana layuka 9 sau 9 a bayan kwali, mahaɗa 81 ke nan, wasa ɗaya ba zai wuce minti goma sha biyar ba. Ni da jikokina da farin wake da 'ya'yan tsamiya muka fara. Idan kuma ɗayanku ya fi ɗaya ƙarfi, wasan yana da maganin wannan: mai rauni ya riƙe baƙi, a ba shi duwatsu biyu zuwa tara ya jera a kan ɗigo-ɗigon babban allo kafin Fari ya fara.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode, Malam. Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Mun zana ƙaramin allon kuma jiya mun buga sau huɗu kafin Magariba. Dokar "ko" ta zauna mana. Sai dai wani abu ya faru da ya ɗaure mini kai. Ina da garke a bakin allo wanda na ƙirga masa idanu biyu, na saki jiki na tafi wani wuri. Ƙanina ya toshe ta waje, sai ya jefa dutse cikin ɗaya daga idanun ya cinye mini duwatsu biyu da ke gefen idon, daga nan sauran garken ya shiga atari. Na ce masa Malam ya ce mai idanu biyu ba ya mutuwa, ya ce ai ga shi ya mutu. Shin dokar ce take da togaciya, ko ni ne ban fahimta ba? Kuma sau biyu mun yi saɓani a ƙarshen wasa kan ko wani garke mushe ne ko rayayye, ba mu da alƙalin da zai raba mu.

'Yar Gwale ta amsa:

Yaya, dokar ba ta da togaciya, idon ne na ƙarya. Ka sake jera wasan ka duba duwatsu biyun da aka ci: za ka ga ba su haɗe da sauran garken a kan layi ba, ta karkata kawai suke kallonsa, kuma mahaɗar da ya kamata ta ɗaure su ƙaninka ne a kanta. Tunda ana iya sa su a atari su kaɗai, ko dai ka cike idon da hannunka don ka cece su, ko a cinye su, duka biyun ido ɗaya ya rage maka. Hanyar ganewa ita ce ka dubi mahaɗun da ke kusurwoyin idon ta karkata. Idan idon yana tsakiyar allo kusurwoyinsa huɗu ne, kuma idan abokin karawa ya kama biyu to akasari idon ya lalace. A bakin allo kuwa guda ɗaya ta ishe shi.

Ka haddace wannan ma, zai yi maka amfani kullum. Idan garkenka ya kewaye mahaɗa uku a jere, wanda ya riga sa dutse a ta tsakiya shi ne ya yanke hukunci: idan kai ne, ka raba wurin gida biyu ka rayu, idan shi ne, ka mutu. Huɗu a jere rayayye ne ko ba ka ƙara komai ba, muddin ka amsa idan ya shigo, amma huɗu a dunƙule, biyu bisa biyu, mushe ne ko da kai ne da juyi.

Game da saɓaninku na ƙarshen wasa, ina ba ku shawara ku bar lissafin Japan ku koma na Sin har ku ƙware. A lissafin Sin ana ƙirga gonarka tare da duwatsunka da ke raye a kan allo, ba a kula da waɗanda aka ci, komi kuma 7.5 ne. Amfaninsa gare ku shi ne sa dutse a cikin gonarka ba ya rage maka maki, don haka idan kun yi gardama kan wani garke sai ku ci gaba da bugawa kawai har ya mutu ko ya rayu, allon ya zama alƙalinku. A lissafin Japan duk dutsen da ka sa a gonarka ba tare da an amsa maka ba ya ci maka maki ɗaya, shi ya sa sabon shiga yake jin an cuce shi idan aka ce ya tabbatar da kisa. Kusan kullum lissafin biyu mutum ɗaya suke ba nasara.

Baba, da izininka zan ɗan ƙara a kan maganar layi na uku da na huɗu. Ni kimiyyar kwamfuta nake karanta a Jami'ar Bayero, kuma ta wannan ƙofa na shigo wasan. A watan Maris na 2016, a babban birnin Koriya ta Kudu, manhajar AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta kara da Lee Sedol, ɗaya daga cikin manyan gwanayen duniya a lokacin, ta ci wasa huɗu ya ci ɗaya. A wasa na biyu, bugu na 37, ta ajiye dutse a layi na biyar a wurin da gwanaye suka saba sa shi a na huɗu, masu sharhi da yawa suka zaci kuskure ne, daga baya dutsen ya taimaka mata ta ci wasan. A 2017 ta doke Ke Jie na ƙasar Sin sau uku ba ko ɗaya. Tun daga lokacin gwanaye suka karɓi abubuwan da a da ake hana ɗalibai, kamar kutsawa mahaɗar layi na uku da na uku a ƙarƙashin dutsen kusurwa tun wasa bai yi nisa ba. Abin da ka koyar shi ne tushe kuma da shi ya kamata Yaya ya fara, ina dai so ya san ƙa'idojin dabara ba kamar dokar "ko" ba ne, ana iya saɓa musu idan akwai dalili. Wanda yake son abokan wasa kuma zai samu kyauta a shafin Online Go Server, har da ƙaramin allo, kuma a can zai ga matakan ƙwarewa: sabon shiga yana farawa daga wajen kyu 30 yana saukowa zuwa kyu 1, daga nan ya shiga dan 1 yana hawa.

Malamin Lissafi ya ƙara da cewa:

Bayanin ƙanwata kan idon ƙarya ya cika, kuma na yarda da ita kan lissafin Sin. Da shi ya kamata in fara kawo misali. Abu ɗaya zan roƙa game da kalmomi. Numfashi, ido, garke, gona, tsani da taru duk sun zauna a bakinmu, mu riƙe su. Amma "atari", "ko" da "komi" a bar su yadda suke, domin gajeru ne, ba su yi wa harshenmu nauyi ba, kuma duk inda Alhaji ya shiga wasa a intanet da su zai tarar ana magana. Akwai biyu kuma da har yanzu nake neman Hausarsu: sente, bugun da yake tilasta wa abokin karawa ya amsa maka, ka ci gaba da jan ragama, da gote, bugun da kai ne kake rufewa, ragamar ta koma hannunsa. Ina ce musu jan gaba da bin baya, amma idan Baba yana da abin da ya fi daga bakin 'yan dara, ina son ji.

Alhaji, saura yanayi ɗaya da za ku ci karo da shi nan ba da daɗewa ba, gara in faɗa kafin ya jawo wata gardamar. Wani lokaci garkenka da nasa za su sarƙe, babu mai idanu biyu, kuna tarayya a numfashi biyu, kuma duk wanda ya fara toshe ɗaya ya sa kansa a atari, ɗayan ya cinye shi. Sunansa seki. Babu wanda zai taɓa wurin, garkunan biyu rayayyu ne, mahaɗun da kuke tarayya a kansu kuma ba na kowa ba ne a wajen lissafi. Idan kun ga abin da ya yi kama da haka, ku ɗauki hoton allon kafin ku kwashe duwatsun ku sa mana a nan mu duba tare.